Ku Tambayi Yaya: Ya zan gane kwastoma ya bugu, kuma ya zan ce masa ya isa haka?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da na ɗauko yau duk kan abu ɗaya suka zo, wato giya da masu aiki a wuraren da ake shan ta, kuma na san akwai wanda zai ce me ya kawo maganar barasa shafin nan. Toh masu karanta mu ba iri ɗaya ba ne, akwai ƴan'uwanmu Kirista na Jos da kudancin Kaduna da Tafawa Ɓalewa waɗanda da Hausa suke kwana suke tashi, akwai kuma Musulmi masu gadi da direbobi da masu wanke-wanke a otal da ba sa sha ba sa sayarwa amma kusan kullum sai sun ci karo da wanda ya sha. Rai ne a tsakani shi ya sa ba zan tsallake ba.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ƴar Jos ce, wata bakwai kenan ina aiki a mashayar wani otal a Abuja. Satin da ya wuce wani kwastomanmu ya sha kwalba shida kuma ni ce na riƙa kai masa, da ya gama ya ja motarsa ya tafi, washegari sai ga labari wai ya kaɗe wani bawan Allah a hanya ƙafarsa ta karye yana asibiti. Tun ranar na kasa barci. Manajanmu ya ce namu sayarwa ne kawai, abin da mutum ya yi da ya fita geti ba ruwanmu. Dan Allah ta yaya zan riƙa gane cewa mutum ya kai inda ya kamata a tsaya, kuma ya zan faɗa wa babban mutum haka ba tare da an kore ni ba?

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya ba wanda aka kaɗe lafiya. Shi ya tuƙa motar ba ke ba, wannan gaskiya ne, amma ba zan yaudare ki in ce kwalba ta biyar da ta shida ba su da hannu a ciki ba, ke ma kin san haka shi ya sa barcin ya ƙi zuwa. Bari mu fara da lissafi tunda shi ne abin da ba a koya muku ranar da aka ɗauke ku aiki.

Babbar kwalbar giya da kuke sayarwa 60cl ce, yawancinsu kuma ƙarfinsu wajen kashi 5 cikin 100 ne, ki juya kwalbar za ki gani a rubuce. Kenan a kowace kwalba akwai tsantsar barasa mililita 30. Ita kuwa hanta, wadda ita ce ke da aikin tace barasa daga jini, abin da take iya ƙonewa a awa ɗaya bai wuce wajen mililita 10 ba, wani ya ɗan fi haka wani bai kai ba. Toh kin ga kwalba ɗaya awa uku take nema, shida kuwa kusan awa 18, wato mutumin nan da ya tashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare ko da gari ya waye ya yi wanka ya sa kaya masu kyau har yanzu akwai saura a jininsa. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra FRSC ta sa wa direba ita ce barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, kuma mutum mai matsakaicin jiki kwalba ɗaya tak kan kai shi bakin iyakar nan, biyu a jere kuwa ya wuce ta. Mace ko mai ƙaramin jiki ko wanda cikinsa ba komai sun fi saurin kaiwa. Shi ya sa abu na farko da zan ce miki ki riƙa ƙirga, ko a bayan takardar bil ne ki ja layi duk kwalbar da kika ajiye da lokacin da kika ajiye ta, saboda tsohon mashayi ya iya ɓoye buguwa, zai zauna daram yana magana tiryan-tiryan amma ƙafarsa a kan birki ta riga ta yi nauyi.

Sai kuma ido. Kuskuren da yawancinku kuke yi shi ne jiran tangaɗi, ai wanda ya fara tangaɗi an riga an makara da shi tun kwalba biyu baya. Buguwa daga hali take farawa kafin ta sauko ƙafa. Mutumin da ya shigo shiru-shiru ya gaishe ki a mutunce, yanzu muryarsa ta fi ta talabijin, ya fara cewa a ba kowa a teburin can zai biya, ya fara kiran ki da sunayen da ɗazu bai kira ki ba ko yana neman riƙe miki hannu, ko kuma akasin haka mai fara'a ya koma ya haɗe rai yana neman wanda zai tanka masa. Daga nan sai saurin sha ya ƙaru, kafin ki juya ya shanye yana cewa wannan ba ta da ƙarfi. Sai ido ya yi ja ya lumshe, labari ɗaya ya maimaita miki sau uku, ya fara magana ya manta inda ya dosa, harshe ya yi nauyi. Ni wurin da na fi yarda da shi shi ne hannu, ki miƙa masa POS ki kalli yadda zai danna lambobinsa, ko yadda zai ciro kati daga walat, ko ya zuba giya a kofi kumfa ta malale masa a tebur bai ma lura ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce, wani haka Allah ya yi shi da ƙarar murya, wani idonsa ja ne don gajiya, amma in biyu uku suka haɗu kuma ba haka ya shigo ba toh shikenan. Wannan ne ma dalilin da ya sa gaisuwar farko take da muhimmanci, ki tsaya ki yi masa sannu da zuwa, ya aiki ya hanya, ki ji muryarsa ki ga idonsa tun bai sha komai ba don ki samu abin da za ki auna shi da shi anjima. Wani ma daga wata mashayar yake, da buguwarsa ya shigo.

Kuma ki riƙe wannan, abin da ya sha yanzun nan bai gama shiga jini ba, yana ɗaukar rabin awa zuwa awa ɗaya ko fiye, ma'ana yadda kike ganinsa yanzu nan da anjima sai ya fi haka ko da bai ƙara ko kurɓi ɗaya ba.

Maganar faɗa masa kuwa, nan ne aikin yake. Kar ki jira sai lokacin hanawa, tun a kwalba ta biyu ta uku ki fara jan ƙafa, kar ki riƙa zuwa kina tambayar a ƙaro, ki ajiye masa ruwa ba tare da ya nema ba, ki tallata masa farfesu ko gasasshen kifi ko tsire. Abinci yana rage saurin shigar barasa jini, amma wadda ta riga ta shiga ba ya fitar da ita, kar ki ce ai ya ci abinci ya warware. In lokacin ya yi, kalmar nan ta "ka bugu" kar ta fito daga bakinki ko da wasa, ba namijin da za ki faɗa wa haka a gaban abokansa ya yarda, sai dai ya ce a kawo biyu don ya nuna miki. Ki matso kusa ki sassauta murya yadda shi kaɗai zai ji, ki ce ranka ya daɗe ba zan iya ƙara kawowa ba yau, ga ruwa mai sanyi ga abinci, gobe ma muna nan. Ki ɗora abin a kanki ko a kan dokar gida, kar ki ɗora a kansa. In ya yi faɗa kar ki biye masa kuma kar ki canja magana, ki maimaita sau ɗaya ki bar wurin. Kafin ma ki je ki sanar da sauran ƴan'uwanki masu kai abin sha da na kan kanta, in ba haka ba kina juyawa zai kira wata ta kawo masa. In yana tare da aboki mai hankali a jikinsa ki ja abokin gefe, sau da yawa maganar aboki ta fi taki shiga. Makullin mota kuma kar ki yi kokawar ƙwacewa, ke mace ce kina bakin aiki, wanda ya sha ba a san abin da zai yi ba, ki kira manaja ko masu tsaro, a ce masa motarsa za ta kwana lafiya a wurin maigadi a kira masa tasi ko Bolt ko wani daga gida, tunda otal ne ma ai akwai ɗaki.

Shi kuma manaja ki same shi da rana lokacin da ba kwastoma, kar ki je masa da wa'azi, da yaren kuɗi za ki je. Ki tuna masa gilasan da ake fasawa da faɗan da ke korar mutanen kirki da bil ɗin da bugagge ke cewa bai sha ba, da ranar da ƴan sanda za su zo tambayar daga ina mutumin ya taso. Ki ce masa a wasu ƙasashen wannan ba ma zaɓi ba ne, a Ingila dokar 2003 ta sa sayar wa wanda ya bugu laifi ne mai tara har fam 1,000, a Ostireliya sai ka yi kwas ka karɓi satifiket kafin a bar ka ka tsaya bayan kanta, a yawancin jihohin Amurka kuma wanda aka kaɗe yana iya maka mashayar kanta a kotu. Abin da kike nema a wurinsa ɗaya ne, in kin ce a'a kar ya zo ya ce a ba shi. In ya ƙi, ke dai ki ci gaba da jan ƙafa da ruwa da abinci, waɗannan ba wanda zai kore ki a kansu, kina yi kina duba wani wurin aikin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne ina gadi a wani otal a Legas, yarona ne ya rubuta min wannan. Ni ban taɓa sha ba kuma ba na son warinta, amma sau da yawa cikin dare sai in tarar da mutum a yashe bakin geti ko cikin motarsa. Abokan aikina suna watsa musu ruwa ko su ɗura musu manja ko kofi, wani lokaci a ce a bar shi ya yi barci zai warware. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya saka da alheri, zuciyarka ta faɗa maka gaskiya. Duk abubuwan nan da ka lissafa ba wanda ke fitar da giya daga jini, ba ruwan sanyi ba kofi ba goro ba manja, lokaci ne kawai. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa wani abu a baki kuwa haɗari ne babba don yana iya wucewa huhu ya shaƙe shi. A bar shi ya yi barci ɗin nan ma ya kashe mutane da yawa, saboda mutum na kwance rigingine sai amai ya taso ya toshe masa hanyar numfashi, ko barasar da ke cikinsa ta ci gaba da shiga jini har numfashin ya tsaya yana barcin.

Ga abin da za ka yi Baba. Ka kira shi da ƙarfi ka girgiza kafaɗarsa. In ya buɗe ido ya amsa, a zaunar da shi a sa wani ya tsaya kusa da shi a nemo ƴan'uwansa ta wayarsa. In bai farka ba, ka juya shi ya kwanta a gefensa, ka lanƙwasa gwiwar da ke sama don kar ya mirgina, ka ɗan ɗaga haɓarsa bakin ya kalli ƙasa yadda in amai ya zo zai zube waje, ka rufa masa wani abu don giya na sa jiki ya yi sanyi. Sai ka kalli ƙirjinsa ka ƙirga, in numfashi bai kai takwas a minti ɗaya ba, ko yana tsayawa kamar daƙiƙa goma kafin wani ya zo, ko jikinsa ya yi sanyi da danshi, leɓe ya canja launi, ko yana amai bai farka ba, ko yana jijjiga, wannan ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye. A Legas ana kiran 112 ko 767 kyauta, kuma ka ta da manajan dare ko yana barci. In kuma ka ga alamar ya faɗi ya bugu a kai ko wuya, kar a ɗaga shi da garaje.

Akwai abin da ya taɓa faruwa a gabana da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shekarun baya ina aikin tarbar baƙi a wani otal, wajen ƙarfe goma na dare wani mutum ya sauko daga bene yana dafa bango, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na rawa, yana magana ba a gane me yake cewa, har ya ɗaga min murya. Duk muka ce ya sha ne, wani ma ya ce a mayar da shi ɗaki. Wata baiwar Allah mai shara ce ta matso ta ce ita fa ba ta ji warin komai a bakinsa ba, kuma da ta gyara ɗakinsa da safe ta ga allurar masu ciwon suga a kan tebur. Da yake yana iya haɗiya sai aka ba shi lemon kwalba mai zaƙi, wallahi cikin kwata ɗin awa mutumin ya dawo kamar ba shi ba, ya ce ya yi allurarsa ne bai samu cin abinci ba. Da mun mayar da shi ɗaki mun ja ƙofa Allah kaɗai ya san abin da za mu tarar da safe. Saukar suga da shanyewar ɓarin jiki da bugun kai duk suna kama da buguwa, in ka ga baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki toh ba giya ba ce, kuma ko da ka ji wari ma, mai ciwon suga da ya sha ya fi kowa shiga haɗari.

Abu biyu zan ƙara maka. Yaran yanzu suna haɗa giya da tramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tarinsa da shigo da shi tun 2018 amma bai ɓace ba, su duka suna danne numfashi, kwalba ɗaya da ƙwaya sai ta kwantar da mutum fiye da kwalba biyar. Sai kuma ogogoro na gargajiya da wani lokaci ake samun guba mai suna methanol a ciki, irin wanda ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015. Shi wannan ba nan take yake nunawa ba, sai bayan rabin yini ko kwana mutum ya fara ciwon ciki da ciwon kai yana cewa yana gani dishi-dishi. Duk wanda ka ji ya ce haka bayan ya sha, a yi asibiti da shi ko da yana tafiya da ƙafarsa.

TAMBAYA: Yaya ni ɗalibi ne a Ingila, Musulmi, na samu aiki a gidan abinci sai daga baya na ga har da kai giya tebur. Kuɗin haya ya matse ni. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanina ni ba malami ba ne amma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, hadisi kuma ya haɗa har da mai sayarwa da mai ɗauka da mai shayarwa, kai ma da ba ka sani ba da ba ka rubuto ba. Ka samu manajan ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi ka roƙi a mayar da kai kicin ko wanke-wanke ko haɗa odar masu saye su tafi, da yawansu sun saba jin irin wannan roƙon. Ka je masallacin unguwarku ka yi wa limami bayanin halin da kake ciki, a nan ma ake jin labarin aiki a gidajen abincin halal da shaguna. Kafin ka samu mafita kuma ka sani tarar da na ambata a sama kan wanda ya miƙa giyar take iya faɗawa ba mai gida kaɗai ba, haka sayar wa wanda bai kai 18 ba, shi ya sa suke cewa duk wanda ka ga kamar bai kai 25 ba ka nemi katin shaidarsa. Kai da kake kan bizar karatu ba ka son sunanka ya shiga takardar ƴan sanda.

TAMBAYA: Yaya mamata burkutu take dafawa a ƙauyenmu kusa da Kafanchan, ni nake taya ta ranar kasuwa. Mu ba mu da kwalba balle lissafi, ƙwarya ce. Ya za mu yi?

AMSA: Ƙanwata a gaida Mama. Ku naku ya fi wuya ta wani ɓangaren ya fi sauƙi ta wani. Wuyar ita ce burkutu ba ta da ƙarfi tsayayye, tana ci gaba da tsima a tukunya, ta yamma ba ɗaya take da ta safe ba, ga masu zuwa da ƴar kwalbar ogogoro a aljihu suna tsiyayawa a ciki, wannan kam ku hana a rumfarku kwata-kwata. Sauƙin kuma shi ne kun san kowa, kun san wanda ƙoƙo biyu ke kayar da shi, kun san wanda ya zo da babur da wanda zai tsallaka rafi kafin ya kai gida da wanda in ya sha matarsa ce ke shan wahala. Ku riƙa amfani da ƙoƙo mai girma ɗaya don ƙirgen ya yi ma'ana, kar ku ba da bashi ga wanda ya riga ya fara sambatu, kar ku ba yaro ko an ce aike ne. Faɗar ya isa kuma ki bar wa Mama, ke in kin faɗa wa sa'an babanki zai ce raini ne, ita kuwa in ta kira shi da sunan ɗansa na fari ta ce Baban wane tukunya ta rufe sai kasuwa mai zuwa, zai yi gunaguni amma zai tashi. Mai babur kuma a karɓi alƙawari tun yana zama kafin ƙoƙon farko, wa zai mayar da kai gida yau, in ba kowa toh babur ɗin ya kwana a gidanku ya zo da safe ya ɗauka.

Sauran saƙonnin da suka shafi mazajen da ke dawowa gida a buge na gan su, suna da yawa kuma suna da nauyi, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.